Ƙanena mai sikila ya ce ya gaji da rayuwa, a gida kuma an ce ya zama ɗan ƙwaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena mai sikila ne, shekarunsa 24. A da ciwon kan tashi masa sau biyu ko uku a shekara, a kwantar da shi asibiti, ya ji sauƙi ya koma harkokinsa. Amma yau shekara biyu ke nan ciwon bai sake shi ba, kullum ƙugu da baya. Ya ajiye karatu, ya daina fita majalisa, ba ya barcin dare. Kwanan nan na gano yana zuwa kemis ana yi masa allurar kashe ciwo ta Penta, har cinyarsa ta fara tauri. Babanmu ya ce ya zama ɗan ƙwaya, ya hana kowa ba shi ko sisi. Kawunmu kuma ya ce rashin tawakkali ne. Abin da ya fi tayar min da hankali, makon jiya ya ce min, "Yaya, ni fa na gaji, da Allah zai ɗauki raina da kowa ya huta." Likita, ciwon ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ko allurar ce? Yaya za mu yi? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri da kika tsaya kika saurare shi.

Maganar da ya faɗa miki ita ce ba ta jira, don haka da ita zan fara. Yau ɗin nan ki nemi lokacin da babu kowa, ki zauna kusa da shi, ki tambaye shi ba tare da kwana-kwana ba: yana tunanin kashe kansa? Ya taɓa shirya yadda zai yi? Kada ki ji tsoron wai za ki cusa masa tunanin da ba shi da shi. Tambayar ba ta haifar da wannan tunani, sau da yawa ma mutum ajiyar zuciya yake yi don an samu mai tambaya. Idan ya ce e, ko ya yi shirun da bai kwanta miki ba, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe magungunan da ke ɗakinsa da fiya-fiya da makamantansu, a kai shi asibiti a ranar. Kuna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya nan Gusau, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Tun shekarun 1970 da 1980 likitan ƙwaƙwalwa Aaron Beck na Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa fid da rai daga samun sauƙi ya fi tsananin baƙin ciki nuna wanda ke cikin haɗari. "Da kowa ya huta" kalma ce ta wanda ya fara ɗaukar kansa a matsayin kaya a wuyan 'yan'uwansa, kuma mu likitoci ba ma wasa da ita.

Sai batun ciwon. Abin da kika kwatanta ya sha bamban da tashin sikilar da kuka saba gani tun yana yaro. Yawancin masu sikila idan suka girma, wani ciwo na kullum kan zo ya zauna a ƙarƙashin wancan mai zuwa ya tafi. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008, an sa manya masu sikila 232 suna rubuta halin da suke ciki kowace rana. Fiye da rabin kwanakin nan cikin ciwo suka yi su, kusan uku cikin kowane goma kuwa ciwon bai ɗaga musu ba kusan kullum, amma kwanakin da suka je asibiti ba su kai kashi 4 cikin 100 ba. Sauran duk a ɗaki suka cije. Ciwon ƙugu na shekara biyu a jikin matashi mai sikila, abu na farko da nake zargi shi ne mutuwar kan ƙashin cinya, wurin da ya shiga kwankwaso, saboda jini ya daina isa wurin. Wannan yana buƙatar hoto, kuma babu yawan allurar da za ta gyara shi.

Kin tambaya ko ciwon ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba hauka yake ba. Sai dai ciwon da ya wuce wata uku yana sauya yadda jijiyoyi da laka ke kai saƙo, su zama kamar rediyon da aka murɗa muryarsa ta maƙale a sama, ƙaramin abu sai ya fito da ƙara. Ƙwaƙwalwa tana da hanyar da take rage wannan ƙara da kanta, kuma sinadaran da take amfani da su a wannan aiki su ne dai masu riƙe da walwalar mutum da barcinsa. Shi ya sa wanda bai yi barci ba yake wayar gari da ciwo fiye da na jiya, wanda ciwon damuwa ya kama kuma yake jin zogin da wani mai irin lalurarsa ba ya ji. A cikin waɗancan mutane 232 da aka bincika, fiye da ɗaya cikin huɗu na da ciwon damuwa, kuma su ne suka fi yawan kwanakin ciwo. Daga nan mutum ya bar makaranta, ya daina ganin abokai, ya wuni a kwance ba abin da yake saurare sai jikinsa. Wanda ya fid da rai kuma ba ya shan magani a kan lokaci, ba ya shan ruwa, ba ya komawa ganin likita, domin a ganinsa duk ɗaya ne. Sai ciwon ya ƙara tashi, ya tabbatar masa da abin da yake tunani.

Yanzu bari in tsaya a kan kalmar "ɗan ƙwaya" da mahaifinku ya yi amfani da ita, da dukkan girmamawa gare shi, domin babu ranar da zan shiga asibiti ban ji ta ba. A bakin iyaye nake jin ta, a bakin surukai, kuma abin takaici har a bakin wasu masu farar riga. Yaro ya zo yana murƙususu, ya faɗi sunan maganin da ya san yana yi masa aiki da adadinsa, sai a kalli juna a ce ka ji shi ko, har suna ya sani. To wa zai sani idan bai sani ba? Mutumin da ya shekara ashirin da huɗu da cuta ɗaya, da mai ciwon suga ne ya faɗi adadin allurarsa yaba masa za a yi. Ya kalli agogo don lokacin magani ya yi, a ce jaraba ce. Ya daure ya yi hira da maƙwabcin gado, a ce da ciwon gaske ne da bai yi dariya ba. Ya yi ihu, a ce raki ne. Kowace ƙofa ya biyo an riga an yanke masa hukunci.

Ciwon sikila ba ya fitowa a ma'aunin zafin jiki, ba ya fitowa a gwajin jini. Babu na'urar da za mu jona wa mutum ta faɗa mana yawan azabar da yake sha. Abin da mara lafiya ya faɗa shi ne ma'aunin, kuma ƙa'idar aiki a Ingila ita ce a ba mai tashin sikila maganin ciwo cikin minti 30 da isowarsa. A wurinmu sai ya buɗe kati, a nemo fayil, a jira likita, likita ya rubuta mofin, wato maganin kashe ciwo mai ƙarfi, a ce mai makullin kabad ya tashi aiki, ko rajistar ta cika, ko babu shi a sito. Mofin yana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dole kowace ƙasa ta tanada, na sha ɗin kuma ba shi da tsada. Tun da aka haramta maganin tari mai kodin a 2018 aka kuma tsananta kan tiramol, abin da ni ma na goyi baya, tsoro ya shiga ma'aikatan lafiya har wasu suka gwammace mara lafiya ya kwana yana kuka da su sa hannu a takarda. Masu sayarwa a tasha da bayan kasuwa ba su fasa komai ba, mai lalurar gaskiya ne aka rufe wa ƙofa.

Wanda aka wulaƙanta sau biyu, sau uku, ina kike zaton zai nufa idan ciwo ya turnuƙe shi da tsakar dare? Kemis ɗin unguwa. Can babu kati, babu harara, akwai wani yaro da bai taɓa shiga ajin koyon jinya ba riƙe da sirinji, unguwa duk tana kiransa dakta. Penta kuwa mummunan zaɓi ne ga mai ciwon kullum. Awa uku zuwa huɗu take yi ta sake shi, tana da iyakar da ko an ƙara ba ta ƙara kashe ciwo, kuma idan aka yi ta soka ta a wuri ɗaya tana kashe tsoka, naman ya sandare kamar yadda kika gani a cinyarsa, ya ɓarke ya zama gyambon da ba ya jin magani, wani har ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Mai kemis ɗin ya san haka sarai. Kuɗinsa yake karɓa, gobe ma yana jiran a dawo. Ban san da wane suna zan kira mutumin da ke cin abinci da azabar yaron maƙwabcinsa ba.

Ba ina cewa babu mai kamuwa da jarabar Penta ba. Akwai, muna ganinsu, ƙanenki ma zai yiwu ya kai can. Amma a bambance abu biyu. Jikin duk wanda ya daɗe a kan irin wannan magani yana sabawa da shi, idan aka yanke farat ɗaya sai gumi, hamma, gudawa da ciwon jiki su taso. Wannan halin jiki ne, ba ya nuna lalacewar tarbiyya. Jaraba ita ce mutum ya riƙa neman allurar ko babu ciwo, ya yi ƙarya ko ya ɗauki abin wani dominta, ya ci gaba alhali yana ganin tana cinye shi. Ko wanne ne daga ciki, asibiti ne maganinsa, a riƙa rage ta sannu a hankali ana maye gurbinta da abin da ya dace. Hana shi kuɗi ba ya rage masa ciwo ko ƙwayar zarra. Abin da yake koya masa kawai shi ne ya ɓoye muku, kuma ya gaskata cewa ko a gidansu babu wanda ya yarda da shi. Idan kika bibiyi fid da ran da yawancin yaran nan ke ciki, za ki tarar ƙaryata su da ake yi ya fi ciwon kansa yi musu illa.

Shi kuma kawunku, a gaya masa cikin ladabi cewa Annabi Ayuba, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kuka ga Ubangijinsa cewa cuta ta shafe shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah su nemi magani. Wanda ya kwana lafiya a kan katifarsa bai kamata ya zo da safe yana auna imanin wanda ya kwana yana juyi ba. A yi masa addu'a, a yi masa tofi, babu mai hanawa. Amma kada a ɗebi kuɗin asibiti a kai wa masu lasifika a mota da ke rantsuwa cewa garinsu yana mayar da mai sikila AA. Babu sassaƙe ko jiƙon da ke sauya jinin da aka haifi mutum da shi, wasu ma ƙoda suke lalatawa. Kuma don Allah a daina faɗa a gabansa cewa masu sikila ba sa wuce shekara kaza. Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda ta Legas da sikila ta rayu, ta rasu a 2020 tana da shekara 94.

Ku nemi asibitin da ke da likitan jini, ke da kanki ki raka shi, kuma ku faɗi maganar Penta tun a zaman farko ba tare da ɓoye yawanta ba, domin haɗa ta da mofin na iya tayar masa da ciwon janyewa, wato gumi, gudawa da ciwon jikin nan da na ambata. Ku nemi a ɗauki hoton kwankwasonsa, a duba ƙodarsa, musamman idan ya daɗe yana haɗiyar diklofenak ko ibufurofen kullum. Ku tambayi likita game da haidiroksiyuriya, wani maganin sha da ake ba masu sikila. Binciken da aka yi a Amurka a 1995 ya nuna tana rage tashin ciwon da kusan rabi, a Kano ma an gwada ta a kan yara a Asibitin Malam Aminu Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Tana buƙatar gwajin jini akai-akai, aikinta kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin a gani, tana kuma iya rage ƙwayoyin maniyyi, don haka ya tattauna wannan da likita tun kafin ya fara. Ku nemi a rubuta masa tsarin maganin ciwonsa a takarda da sa hannun likita, ya riƙa nuna ta duk inda ya je da gaggawa. A haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Wasu magungunan damuwa, irin su amitiriftilin, suna taimakawa ga barci da zogin jijiya a lokaci guda, amma ke za ki riƙe su kina ba shi na rana-rana, domin shan su da yawa yana kisa.

A gida kuma kada ku jira sai ciwon ya tafi kafin ya koma cikin mutane. Ku kira abokansa biyu su riƙa zuwa, a ba shi wani ɗan aiki da zai ji ana buƙatarsa, a je makarantarsa a tambaya ko za a iya ɗage masa zangon karatu maimakon ya rasa gurbin. Idan da hali, ranar komawa asibiti ta biyu ku tafi da Baba, likita ya nuna masa hoton ƙashin ɗansa ya gani da idonsa.