Tambaya da Amsa: Ƙwayar suga na fitowa a bayan gida, kuma wai an yi insulin na haɗiya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Dan Allah mahaifiyata ce take da ciwon suga, ta daɗe tana shan metformin irin mai XR a jikin kwali, to kwanaki sai ta ce min ita fa tana ganin ƙwayar na fitowa a bayan gida yadda ta haɗiye ta, wai shi ya sa sugan ya ƙi sauka. Tun daga nan muke daka mata a cokali mu dama da ruwa, amma yanzu kullum cikinta a ɓace yake. Ga shi likitanta ya ce a fara allurar insulin ta ce sam, ta ji an ce an yi na haɗiya. Gaskiya ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri kan wannan hidima. Abu na farko, dan Allah ku daina dakan nan daga yau, ina kyautata zaton shi ne yake ɓata mata ciki.

Abin da Mama take gani ba magani ba ne, gangar jikin ƙwayar ce bayan maganin ya gama fita. Shi metformin XR da gangan aka gina shi haka, an cakuɗa maganin da wani sinadari da idan ya sha ruwa sai ya kumbura ya yi yauƙi, maganin ya riƙa tsattsafowa kaɗan-kaɗan na tsawon awanni yana gangarawa hanji, ragowar da jiki ba ya narkarwa kuma ta fita da bahaya, wani lokacin da siffarta ta ƙwaya har mutum ya tsorata. Akwai ma wani maganin suga da ya fi wannan dabara, glipizide mai XL, shi ɓawo ne mai tauri da aka huda masa ɗan mitsitsin rami da hasken leza, ruwa ya shiga ya riƙa turo maganin ta ramin, ɓawon ya fito cur. Idan kuka daka, abin da aka tsara ya fita a yini guda sai ya zube wa hanji a take, shi ne zawo da tashin zuciya da kumburin ciki. Da sauƙi ma tunda metformin ne, da a ce glipizide ko gliclazide mai MR kuka daka, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas, gumi, rawar jiki, jiri, har suma, ga tsoho kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Duk kwalin da kika ga XR, XL, SR, ER, MR ko EC a jiki ba a dakawa ba a taunawa, rabawa biyu ma sai mai famasi ya ce wannan samfurin yana rabuwa. In haɗiyar ce take ba ta wahala a faɗa wa likita, akwai metformin wanda ba XR ba har da na ruwa.

To mu zo kan insulin na haɗiya. A takaice babu ƙwayar insulin da likitanta zai iya rubuta mata ta maye gurbin allura, kuma ba don ba a nema ba, tun da aka gano insulin a Toronto ta Kanada a 1921 aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922 ake wannan fafutuka. Matsalar ita ce insulin furotin ne, cikinmu kuwa aikinsa kenan narkar da furotin, yadda yake yi wa nama haka zai yi masa. A tumbi ga asid mai ƙarfi ga sinadarin pepsin. Wannan kam an san maganinsa, a lulluɓe kafso da wata riga da asid ba ya cin ta, sai ta isa ƙaramin hanji inda tsamin ya ragu sannan ta narke, shi ne EC ɗin nan da na ambata. Amma a hanjin ma wasu sinadaran narkarwa suna jira, ga majina da ta rufe bangon hanji, ga shi insulin ya yi girma da ya ratsa bangon ya shiga jini, ƙarshe abin da ke shiga bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Ni a ganina ƙarancin ma ba shi ne babban tashin hankali ba, rashin tabbas ne. Yau kaɗan ya shiga gobe ninki biyu, ya danganta da abin da aka ci da saurin tafiyar ciki, kuma masu ciwon suga da ya daɗe da yawa tumbinsu yana jinkirin sauke abinci saboda jijiyoyi sun taɓu. Maganin ciwon kai zai jure irin wannan hawa da sauka, insulin ba zai jura ba.

An gwada sosai fa. Kamfanin Novo Nordisk na Denmak ya yi ƙwayar da ta sauke suga a gwaji, amma yawan insulin ɗin da za a zuba ya yi yawa har ba zai yiwu a kasuwa ba, suka ajiye aikin a 2016. Kamfanin Oramed ya kai nasa kafso har babban gwaji na matakin 3, a Janairun 2023 sakamako ya fito bai fi ƙwayar da babu magani a ciki ba. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka kuma a 2019 sun fito da wani kafso mai ɗan tsinken insulin a ciki, an kwaikwayi ƙoƙon bayan wani kunkuru ne yadda ko ya ya faɗa sai ya mirgina ya zauna daidai, ya soki bangon tumbi daga ciki, a aladu aka gwada. Abin da ya sa ba a haƙura ba, insulin da ya bi ta hanji hanta yake fara isa, kamar yadda na jiki yake yi in ya fito daga fankiriyas, gaɓar da ke samar da shi a ciki, allura kuwa sai ya zaga jiki tukuna.

Ina jin abin da Mama ta ji labari Rybelsus ne, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Satumbar 2019. Ba insulin ba ne, semaglutide ne, yana zaburar da jiki ya fitar da nasa insulin ɗin, na masu ciwon suga nau'i na 2 ne. Shi ma ɗin kusan kashi 1 cikin 100 ke shiga, shi ya sa ake shan har miligiram 14 kullum alhali allurarsa miligiram 1 kan isa sati guda, kuma sai da safe ba a ci komai ba, da ruwan da bai wuce rabin kofi ba, a jira minti 30 kafin a karya.

Ku koma wurin likitan ku gaya masa duk yadda aka yi, har dakan, da tun yaushe aka fara, don zai shafi yadda zai karanta awon sugan. Ki tambaye shi ko Rybelsus zai dace da ita, in ya ce insulin ɗin ne dai to ki lallaɓa ta, ki roƙi a nuna mata irin allurar insulin ɗin nan mai kama da alƙalami, tsinkensa milimita 4 ne kawai siriri, a bari ta riƙe a hannunta ta gani kafin ta yanke hukunci. Jiran ƙwayar da ba ta iso ba ido da ƙoda da ƙafa ne za su biya kuɗinsa. Ki gaida Mama, kuma ki sake rubuto mana yadda kuka yi da likitan.