Hukuncin Haɗa Ƙaramin Jirgin Sama na Roba da Ɗan Matuƙin da ke Cikinsa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tsohon makanike ne, ciwon baya ya zaunar da ni a gida. Ɗana da ke karatu a waje ya aiko min da kwalin wani ƙaramin jirgin yaƙin Jamus na zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Albatros D.III, mai fukafukai hawa biyu, irin wanda ake haɗa gutsattsarin robarsa da gam. Na haɗa gangar jikin, na fenta ɗan matuƙin da ya zo a ciki, yanzu ina ɗaura zaren tsakanin fukafukai. Saura in liƙa tambarinsa, in yi masa dabarar fenti ya zama kamar ya sha aiki. Da dare nake yi, wani lokaci har ƙarfe biyu, don shi ke ɗauke min hankali daga ciwo. Wani abokina ya ce sura ce, mala'iku ba za su shiga gidana ba, kuma tsufar da shi da gangan yaudara ce. Wani kuma ya ce duka halal ne, kamar 'yar tsanar yara. Na rasa na kamawa.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka kwantar da hankalinka game da jirgin. Abu ne marar rai, kuma Ibnu Abbas ya ce wa mai sana'ar zane in ya zama dole ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Haɗa shi halal ne, huda fukafukai a zura zare a ja shi ya miƙe halal ne. Zana masa baƙin hayaƙi a bakin salansa, da laka a tayoyi, da ƙujewar fenti a inda ake takawa, shi ma ba komai. Yaudara sai da wanda aka yaudara. Sai fa in ka sayar da shi ka ce tsohon kayan tarihi ne, a nan ne ya zama algus. Abokinka na farko ya tsananta a inda babu tsanani.

Amma akwai kalma guda da ka faɗa ka wuce, alhali a kanta hukuncin yake: ɗan matuƙin. Wannan surar mutum ce mai jiki, mai inuwa, an yi ta da roba da za ta daɗe. Malamanmu na Malikiyya, duk da sassaucinsu a kan zanen da ke jikin takarda ko tufafi, sun haramta surar mai rai idan tana da inuwa, gaɓoɓinta sun cika, kuma an yi ta da abin da ke wanzuwa. Ba kai ka ƙera shi ba, kamfani ne ya zuba shi, gaskiya ne. Sai dai kai ka liƙa masa hannu, kai ka fitar masa da ido da gashin baki, kuma kai za ka ajiye shi a saman kanta.

Maganar abokinka na biyu ita ce wadda nake so mu zauna a kanta, domin ta fi yaɗuwa, kuma tana da kama da hujja. Masu ita suna kafa dalili da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya dawo daga tafiya, iska ta yaye labule ya ga 'yan tsanarta, a cikinsu har da doki mai fukafukai biyu na ƙyalle, ya yi dariya bai hana ba. Hadisin tabbatacce ne, ba mu musa shi. Amma rangwame ne da aka yi saboda dalili, kuma rangwame ba ya tsallake wurinsa. Alƙali Iyad ya bayyana dalilin: koya wa 'yan mata renon yara da hidimar gida tun suna ƙanana. Haka ma abin wasan ulu da Rubayyi'u bintu Mu'awwiz ta ce suna yi wa yara ranar Ashura, don ya shagaltar da su daga kukan yunwa har a sha ruwa. Duk inda ka duba, yaro ne a tsakiyar maganar. Kai kuwa dattijo ne mai ɗa a jami'a. Ba reno za ka koya ba. Har ma an ruwaito daga Imamu Malik cewa bai so mutum ya saya wa 'yarsa 'yar tsana ba, duk da yarinya ce. To ina ga babban mutum ya ajiye wa kansa?

Sannan ka dubi yadda ake yi da kowannensu. 'Yar tsanar yarinya tana ƙasa, ana janta, ana taka ta, gobe hannunta ya cire. Naka kuwa za ka ɗora shi a sama, ka kare shi daga ƙura, baƙo ya zo ka nuna masa. Wulaƙanta sura da girmama ta ba hukuncinsu ɗaya ba ne a wurin malamai.

Wasu kuma sukan ce ai ɗan ƙarami ne. A ma'aunin 1/48, wato an ƙanƙanta komai sau 48, jirgin da faɗin fukafukansa ya kai mita 9 yakan dawo wajen santimita 19, mutum kuma bai kai santimita 4 ba. Suna jingina da maganar Hanafiyya cewa surar da ta ƙanƙance har mai tsaye ba ya iya bambance gaɓoɓinta ba ta sa salla ta zama makaruhi. Wannan magana tasu a kan yin salla kusa da ita ce, ba izinin ƙera ta ba ne. Kuma kai da kanka ka san da wane siririn burushi ka zauna kana fitar da ƙwayar idonsa, don a gani ne. Hadisin ƙudusi da ke Bukhari da Muslim ya ƙalubalanci masu kwaikwayon halitta da su halitta ƙaramar tururuwa, ko ƙwayar hatsi, ko ta sha'ir. Da ƙanƙanta tana fitar da abu daga babin, da ba a buga misali da mafi ƙanƙantar halittu ba.

Ka buɗe kwalin ka duba. Wasu matuƙan rabin jiki ne, daga ƙugu zuwa sama. Irin wannan Malikiyya ba su kai shi haramun ba, tun da ya rasa abin da ba a rayuwa sai da shi, ko da yake wasu malamai sun ce muddin kai yana nan surar tana nan. Idan cikakke ne, ka cire kan gaba ɗaya, kamar yadda Mala'ika Jibrilu ya yi umarni a yi da mutum-mutumin da ke ƙofar ɗaki. Abin da na fi so maka shi ne ka bar kujerar babu kowa. Da yawa daga gwanayen wannan aiki haka suke yi, don a ga kujera da bel da agogunan gaban matuƙi. Abin da ka riga ka fenta cikin rashin sani, babu laifi a kanka. Kada kuma ka ba jikanka ya yi wasa da shi, yaro na iya haɗiye shi.

Ba ka tambaye ni tambarin ba, amma na san abin da ke kan takardar: baƙin gicciye a fukafukai da jiki da jela. Asalinsa lambar yabon Firushiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, ce ta 1813, wadda aka ɗauko siffarta daga gicciyen wata rundunar mayaƙan Kiristoci Jamusawa ta zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya. Bukhari ya ruwaito daga Nana A'isha cewa Annabi ba ya barin wani abu mai gicciye a gidansa sai ya warware shi. Kada ka liƙa. Kuma ba sai ka ɓata tarihin jirginka ba: jiragen Albatros da Jamus ta ba Daular Usmaniyya a wannan yaƙi, baƙin murabba'i mai farin gefe aka yi musu a gurbin gicciyen. Ka zana wannan.

Sai alwala. Sufa gulu da ake kafe zaren da shi yakan bushe a kan yatsa ya zama ɓawo, fentin mai ma haka. Ruwa ba ya ratsa su, ka ga an bar lam'a ke nan. Ka duba yatsunka da gefen farce a haske kafin ka fara alwala, ka kankare abin da ya yi kauri. Launin da ya rage a fata ba tare da kauri ba, ba ya hana komai. Warin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, da na gam kuma yana cutar da ƙirji, ka buɗe taga, ka ɗauke aska da allura daga inda yara ke kaiwa.

Ƙarfe biyun dare ya tsaya min a rai fiye da duk abin da ka tambaya. Na fahimci ciwo ne ke hana ka barci, kuma neman abin da zai sauƙaƙa maka ba laifi ba ne, ranka yana da haƙƙi a kanka. Amma idan wannan zama yana sa ka makara sallar asuba, to halal ya jawo abin da ya fi ɗan matuƙin nauyi. Ka mayar da aikin hantsi ko bayan la'asar, haske ma ya fi kyau ga zura zare a ƙaramin rami. Doguwar sunkuyawa a kan tebur tana ƙara wa baya ciwo, ka gaya wa likitanka yawan awoyin da kake yi a zaune. Iyalinka ma suna da rabo a darenka. Shi kuma yaron da ya aiko, ka sa masa albarka, ka ce in zai ƙara aikowa ya duba tambarin da ke jikin kwalin tukuna.

Wallahu a'alam.