Yadda Ake Gane Ko Takardar Shaidar Sana'a Tana Tafiya da Zamani

Tambaya: Ni malami ne a wata kwalejin kimiyya da fasaha, ina koyar da kanikancin mota. Ɗalibanmu suna cin jarrabawa sosai, amma masu gareji suna ƙorafin cewa sai sun sake koya musu aiki daga tushe. Da wane ma'auni za mu gane ko shaidar da muke ba su tana biyan buƙatar yau?

Amsa: Yawan waɗanda suka ci jarrabawa ba zai amsa wannan tambaya ba, domin jarrabawa tana gwada ɗalibi ne a kan abin da ke cikin manhaja, ba ta gwada ita kanta manhajar a kan abin da ke shigowa gareji kowace safiya.

Ma'aunin da na fi ba wa muhimmanci shi ne tazarar lokaci tsakanin ranar da aiki ya sauya da ranar da koyarwa ta sauya. Motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da wurin da ake jona na'urar kwamfuta a karanto matsalar injin, kuma irinsu sun cika titunanmu ta hanyar Kwatano da Legas. Idan ɗalibi ya shafe watanni yana kwance kafireto, wato na'urar haɗa fetur da iska ta tsofaffin motoci, amma bai taɓa riƙe wannan na'ura ba, to tazarar ta kusa shekara 30. Haka nan, bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mayar da motoci su yi amfani da iskar gas ta CNG ya zama sana'ar da ake nema, don haka sai ku duba ko darasinta ya shiga ajinku, kuma cikin wata nawa. A Jamus, inda gwamnati da masu masana'antu da ƙungiyoyin ƙwadago ke zama tare su sabunta ƙa'idojin horo, an haɗe sana'ar bakanike da ta mai lantarkin mota suka zama guda a 2003, sannan a 2013 aka ƙara fannin motoci masu babban ƙarfin lantarki.

Sai bibiyar waɗanda suka kammala, bayan wata shida zuwa shekara guda. A nan ne ake yawan yin kuskure, domin idan masu albashi kaɗai aka ƙidaya, za a zubar da yaron da ya buɗe rumfarsa a Panteka ta Kaduna ko yake aiki a ƙarƙashin wani ubangida, alhali a irin waɗannan wurare mafi yawan sana'armu take. Kada a tsaya ga tambayar ko ya samu aiki. A tambaye shi ko abin da ya karanta yake yi, da kuma aikin farko da aka miƙa masa ya rasa ta inda zai fara. Shi kuma mai gareji a tambaye shi mako nawa ya ɗauka kafin ya iya barin yaron da motar mutane shi kaɗai, domin wannan adadi, idan ana tara shi shekara bayan shekara, yana nuna ko ana ci gaba ko ana baya.

Kuna kuma da wata hujja a hannunku wadda sau da yawa ake jibgewa a ofis bayan an ba da maki, wato littafin da ɗalibai ke cikewa lokacin horon SIWES, shirin tura ɗalibai koyon aiki a wuraren sana'a wanda asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF ke kula da shi. Ku jera ayyukan da suka rubuta sun yi a wajen horo, ku ɗora su a kan manhaja, duk abin da ya yi ta maimaituwa a littattafan amma babu shi a manhaja shi ne giɓinku. Hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma take da hedikwata a Kaduna, ita ke tsara manhajar kwalejoji irin taku, kuma rahoton da ya zo da sunayen ayyuka da adadin ɗaliban da suka gamu da su ya fi ƙorafin baki nauyi idan lokacin bitar manhaja ya zo.