Idona na ganin kuskure, hannuna ya ƙi gyarawa: in haƙura da zane ne?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekaruna 42, da 'ya'ya huɗu. Tun ina firamare nake son zane, amma ban taɓa samun wanda ya koya mini ba. Wata bakwai da suka wuce na sayi fensura da littafin zane da fentin ruwa, na fara bin darussa a YouTube. Da farko kullum sai na zauna, har barci nake ragewa. Yanzu kuwa sai in yi mako uku ban taɓa fensir ba. Duk abin da na zana sai in ga ya fi na baya muni, in kuma na shiga Instagram na ga aikin yara 'yan shekara ashirin sai gwiwata ta yi sanyi. Wata ƙawata ma cewa ta yi icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in bar wa yara. Na makara ne? In ban makara ba, yaya zan yi sha'awar ta dawo?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki makara ba. Amma kafin maganar shekaru, bari in fara da inda kika ce zanenki na yanzu ya fi na baya muni, domin a nan ne ciwon yake.

Don Allah ki ɗauko zanen da kika yi a makonki na farko, ki ajiye shi kusa da na ƙarshe, ki ja da baya taku uku ki duba. Na sa ɗalibai manya da yawa sun yi haka, kuma kusan kullum shiru suke yi na ɗan lokaci, domin na ƙarshen ya fi. Abin da ke faruwa shi ne ido yana riga hannu koyo. Wata bakwai da suka wuce, in kin zana kofi kika yi masa baki zagayayye kamar faifai, daɗi za ki ji. Yau idonki ya san cewa bakin kofi in an kalle shi daga gefe shafaffe ne kamar ƙwai a kwance, ya san mariƙin ya karkace, ya san inuwar ba ta zauna inda ya kamata ba. Idon ya waye, hannun bai cim masa ba tukuna. Wannan tazarar ce kike ji kamar koma baya, alhali ita ce shaidar cewa karatun ya shiga.

Ke kin fi ni sanin wannan a wurin aikinki. Ki tuna lokacin da kike ɗaliba, aka fara ba ki allura ki nemi jijiya a hannun mara lafiya. Kin karanta, kin ga an yi sau da yawa, kin san daidai inda ya kamata ta shiga, amma yatsunki suka ƙi ba ki haɗin kai. Ba ki ce ba ki da baiwar jinya ba. Maimaitawa kika yi ta yi har hannunki ya faɗa, yau kina iya samun jijiyar jariri cikin dare da hasken tocila. Fensir ma haka yake, ba shi da wata hanya ta daban.

Maganar ƙawarki kuwa, karin maganar gaskiya ne a kan tarbiyya, amma tarihin zane bai goyi bayanta ba. Wata Ba'amurkiya mai suna Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses, matar manomi ce da ta shafe rayuwarta tana aikin gona da ɗinkin ado. Sai da ta haura shekara saba'in, ciwon gaɓoɓi ya hana ta riƙe allura, sannan ta koma fenti gadan-gadan. A 1940 aka baje kolin aikinta a New York, ta ci gaba da yi har kusan rasuwarta a 1961 tana da shekara 101. Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama ta Amurka, ya fara zane a 1939 ya haura shekara tamanin, yana zaune a bakin titi a garin Montgomery, da guntun fensir da kwalayen da aka yar, kuma cikin kimanin shekara uku ya yi zane fiye da dubu. Shi kansa Vincent van Gogh, shahararren mai zanen ƙasar Holland, sai a 1880, yana da shekara 27, ya yanke shawarar zama mai zane, ya fara da kwafar darussan da aka buga a takarda, yana maimaita su. Furannin nan masu ruwan ɗorawa da duniya ta san shi da su sai a 1888 suka zo, bayan shekara takwas.

Ban kawo su don in yi miki alkawarin suna ba. Abin da nake so ki lura da shi shi ne yawan aikin. Zane dubu a shekara uku yana nufin kusan ɗaya kowace rana, a kan kwali, ba tare da jiran kayan aiki masu tsada ba.

To, yaya sha'awa za ta dawo? A nan zan faɗa miki abin da na yi imani da shi bayan shekarun da na yi ina koyarwa: kada ki jira ta. Zumuɗin da ya hana ki barci a watan farko na sabon shiga ne, kowa yana yinsa, kuma kowa nasa yana hucewa. Wanda ya ɗore a zane ba wanda zumuɗinsa bai huce ba ne, wanda ya rage wa aikin nauyi ne har ya zama yana iya yinsa ko a ranar da ya dawo a gajiye. Sau da yawa sai fensir ya yi minti biyar yana tafiya a takarda sannan daɗin yake zuwa.

Saboda haka ki yanke minti goma sha biyar, kada ki ƙara. Tunda aikinki na karɓa-karɓa ne, yau safe gobe dare, kada ki ɗaure zanen da agogo, ki ɗaure shi da abin da ba kya fashinsa, kamar bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, ko bayan kin ci abinci in kin dawo daga aiki. Kayan kuma su zauna a waje inda idonki zai gan su. In sai kin buɗe akwati, kin share tebur, kin nemo abin fiƙe fensir, minti goma sha biyar ɗin sun ƙare kafin ki fara.

Ina kuma zargin littafin zanen da kika saya yana cikin masu hana ki. Takarda fara mai tsada tana da kwarjini, mutum yana jin tsoron ɓata ta. Ki ajiye shi tukuna. Ki sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta da biro, ki sa a jakar aikinki. Biro ba ta goguwa, don haka za ta raba ki da yawan goge-goge, wanda shi ke cinye lokacin masu koyo. In layi ya kauce, ki ja daidai a gefensa ki wuce. Kowane shafi ki rubuta kwanan wata a ƙasa, kuma kada ki yage ko ɗaya, komai muninsa. Wanda ke yage munanan zanensa yana yage hujjar da zai nuna wa kansa ranar da zuciya ta karaya.

Ga aikin da zan ba ki na mako biyu: buta. Butar alwalarki, ita kaɗai, kullum. Ki ajiye ta kusa da taga yadda haske zai zo mata ta gefe ɗaya. Ranar farko ki zana ta yadda kika iya. Rana ta biyu, kafin ki ja layi, ki miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ki rufe ido ɗaya, ki auna tsayinta da babban yatsa, sannan ki kwantar da fensirin ki ga faɗinta sau nawa zai shiga cikin tsayin. Za ki yi mamakin yadda idonki yake ƙara mata tsawo. Wata rana ki manta da butar gaba ɗaya, ki zana sararin da ke tsakanin mariƙi da cikinta kawai, da wanda ke ƙarƙashin hancinta. Ƙwaƙwalwa tana da hoton buta da ta ajiye tun ƙuruciya, shi take turo wa hannu maimakon abin da ke gabanki, amma ba ta da hoton wannan sararin, dole ta bar ido ya yi aikinsa. Wata rana kuma ki kanne idanu har butar ta dushe, za ki ga ta rabu gida uku: wurin haske, wurin duhu, da tsaka-tsaki. Ki shafa waɗannan ukun da fensir mai laushi, wanda aka rubuta 2B ko 4B a jikinsa, ba tare da layin gefe ba. Ki lura da inda gindinta ya taɓa ƙasa, nan ne ya fi ko'ina duhu, kuma in kika bar shi fari butar za ta zama kamar tana shawagi. In kin gama, ki nuna wa zanen madubi. Karkatar da idonki ya saba da ita har ya daina gani, madubi zai fito da ita nan take.

Na zaɓi abu ɗaya da gangan. Mai bin darussan intanet yau ido yake zanawa, gobe doki, jibi teku, ba ya maimaita komai, don haka ba ya taɓa ganin ci gabansa. Darussan suna da amfani, amma kallo yana da daɗin da ke sa mutum ya ji kamar ya yi aiki. Ki kalli ɗaya, ki kashe waya, ki gwada shi sau uku kafin ki buɗe wani. Instagram kuwa ki rage shi a wannan tsakanin. Abin da kike gani a minti ɗaya aikin awanni ne da aka gaggauta, kuma ba wanda ke ɗora shafukan da suka lalace masa. Yarinyar nan mai shekara ashirin wataƙila ta yi shekara goma tana yi, ke wata bakwai.

Fentin ruwa yana da nasa halin, kuma yana karya zuciyar masu koyo ba da laifinsu ba. In kika sa shi a takardar rubutu ko ta firinta, za ta kumbura ta yi tudu da kwari, launin ya taru a kwarin. Takardarsa daban ce, mai kauri, wadda aka rubuta 300 a jikin fakitinta, wato nauyin giram 300 a kowace murabba'in mita. Gara ki sayi wannan kaɗan ki yanka ta ƙanana kamar tafin hannu da ki sayi launi kala ashirin da huɗu. Launi uku sun ishe ki, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kuma da ni ne ke, da shuɗi kaɗai zan fara, in yi butar nan da shi daga mai ruwa-ruwa zuwa mai kauri. Ana farawa da mai haske ne a bi da mai duhu, farin kuwa takardar ce da kanta, sai dai a bar mata wurinta. In launin ya bushe yana ƙara haske fiye da yadda kika gan shi da danshi. In kuma kika koma kan wurin da bai gama bushewa ba kina ta goga buroshi, launin zai dagule ya zama kamar ruwan kwata, don haka ki ɗaga hannu ki jira. Lokacin hunturu yakan bushe tun kafin ki kai ƙarshen shafi, sai ki haɗa launi mai yawa tun farko, ki yi sauri.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma ɗalibaina mata da maza sukan kawo shi: zanen abu mai rai. In zuciyarki ba ta natsu da shi ba, ki tambayi malamin da kika amince da shi, kuma ki sani ba za ki rasa abin zanawa ba. Akwai itatuwa, da ƙwarya da tukunya, da lungun unguwa da yamma, da hadarin damina. Akwai kuma gadon da muka tarar: zayyanar allo, da dagi, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da adon bangon gidajen birnin Zariya da na unguwar Birni a Damagaram. Ki gwada kwafar dagi da hannu ba tare da rula ba, ki bi inda zare ya hau da inda ya nutse. Horo ne mai tsanani ga ido, kuma wadda ta taɓa zana wa wata lalle ta riga ta san rabinsa.

Ki nemi mutum ɗaya da za ki riƙa nuna wa aikinki, ko ta WhatsApp ne, wanda shi ma yake koyo ko ya ɗan fi ki. Kada ki tambaye shi ko ya yi kyau, domin zai ce ya yi don kunya. Ki tambaye shi wane wuri ne ya fara jan idonsa, wane ne kuma bai gane ba. Ƙawar da ta ce ki bar wa yara ba da mugunta ta faɗa ba, amma ba ita ce za ki kai wa ɗanyen aiki ba. 'Ya'yanki kuwa ki ba su takarda su zauna kusa da ke, yaro ba ya tsoron farar takarda, kuma zaman yakan ɗauke wa uwa jin cewa ta sace lokacin gida.

Makonni ukun da suka wuce ba bashi ba ne, babu ramuwa a kansu. Za ki sake yin fashi, ranar da yaro ba lafiya, ko aikin dare ya jeru, ko azumi ya zo. In hakan ta faru, kada ki ce sai kin sami rana guda cur kin rama, ki buɗe shafi na gaba kawai ki rubuta kwanan wata. Yau da daddare ki ɗauko butar ki yi ta farko. In kin kai ta goma sha huɗu, ki ɗauki hoton ta farko da ta ƙarshe a jere ki turo mini, sai in duba in faɗa miki ko lokacin komawa launi ya yi. Allah ya ba da sa'a.