Yadda ake zana ƙudan fatsa ya fito da kamanninsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyon zane da fentin ruwa. Kwanan nan na samu wasu ƙudajen fatsa, irin waɗanda ake ɗaurawa a jikin ƙugiya da gashin tsuntsaye da zare domin a yaudari kifi. Kyansu ya burge ni, amma duk wanda na zana sai ya fito kamar curin gashi, launuka su dagule, ƙarfen kuma ya ƙi yin ƙyalli. Daga ina zan fara, kuma wane kaya nake bukata?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Matsaloli ukun da ka lissafa tushensu kusan ɗaya ne. Idonka na kallon gashi da launi, alhali ƙudan fatsa abu ne da aka gina shi hawa-hawa a kan ƙarfe. Mai ɗaurin ya fara da ƙugiya, ya sa jela, ya naɗe jiki, ya ɗora fiffike, ya rufe da kai. Idan ka bi wannan jerin a kan takarda, kowane gashi zai samu wurin da ya fito da inda ya nufa, curin nan kuwa ba zai sake fitowa ba.

Kafin ka ɗauki fensir, gyara ƙudan kansa. Wanda ya daɗe a akwati gashinsa yakan kwanta ko ya karkace. Ka kama shi da hantsaki ka riƙe a tururin ruwan zafi na daƙiƙa biyar zuwa goma, gashin zai miƙe ya koma yadda aka ɗaure shi. Ka bari ya bushe, sannan ka kafa shi a mamatsin ɗauri, wato ƙarfen da masu ɗauri ke riƙe ƙugiya da shi, ko ka soka tsinin a toshiyar kwalba, yadda sandar ƙugiyar za ta kwanta daidai da idonka. A bayansa ka jingina farin kwali ko mai ruwan toka, da tazarar santimita 10 zuwa 15. Fitila ɗaya tak za ka kunna, daga sama ta hagu idan da dama kake zane. Fitila biyu suna kashe inuwa, kuma inuwa ce ke nuna jikin ƙudan mulmulalle ne.

Kayan ba su da yawa. Takardar fentin ruwa ta auduga mai santsin fuska, mai nauyin giram 300 a kowane murabba'in mita, domin mai kaushi tana kakkarya siririn layi, marar nauyi kuma tana kumbura idan ta sha ruwa. Fensir 2H na shata da HB na ƙarfafa layi. Buroshi masu tsini lamba 4, da 2, da 0, da wani tsohon buroshi da za ka baje bakinsa don yin gashi. Gilashin ƙara girma. Farin fenti mai kauri wanda ba a gani ta cikinsa, ɗan kaɗan. Launuka shida sun isa, kuma gara ka saya ta lambar da ke jikin bututun maimakon sunan kamfani: shuɗi PB29, ruwan ƙasa PBr7, kore PG7, ja PR254, rawaya PY150, sai baƙi idan kana so, ko da yake haɗin PB29 da PBr7 yana ba da baƙin da ya fi na bututu rai. Ka guji jan nan mai lamba PR83, yana koɗewa idan haske ya daɗe yana dukansa.

Kada ka zana ƙuda a ainihin girmansa tun kana koyo. Lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye: lamba 14 ta fi lamba 8 ƙanƙanta, tsawonta bai wuce kusan santimita ɗaya ba. Irin wannan ka ninka shi sau 8 zuwa 10. Babban ƙudan kifin salmon mai santimita 5 kuwa ninki uku ya ishe shi, ya zama santimita 15, ya zauna daram a takardar A4. Ka auna da rula, ka ninka kowane awo da lamba ɗaya, kada ka yi da ka.

Yanzu ƙugiya, wadda a nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Sassanta su ne ido, inda ake zura igiya, da sanda, da lanƙwasa, da tsini, da ƙayar da ke hana kifi zamewa, sai buɗin baki, wato tazarar da ke tsakanin tsini da sanda. Ka ja layin sanda a miƙe da fensir 2H, ka sa alamar tsawonta da faɗin buɗin baki, ka zana akwati da waɗannan awo biyu, sannan ka lanƙwasa ƙarfen a cikin akwatin. Kusan kowane sabon hannu yakan mai da lanƙwasar rabin da'ira cif, alhali ƙugiyoyi da yawa ba haka suke ba: wasu suna saukowa a hankali sannan su karya da sauri kusa da tsini. Ka zana ƙugiyar gaba ɗayanta, har inda gashi zai rufe, don kada ido da lanƙwasa su saɓa layi. Kaurin ƙarfen ya tafi bai ɗaya, sai dab da tsini ya sirance. Duk wanda ya san kamun kifi ƙugiya yake fara kallo, kuma idan ta karkace ba zai ga kyan sauran ba.

Buɗin baki da tsawon sanda su ne ma'aunin komai. A ƙudan da ke yawo a saman ruwa, kamar Adams wanda Leonard Halladay ya ƙirƙira a Michigan ta Amurka a 1922, jela takan kai tsawon sanda, gashin wuya kuma, wato wanda aka naɗe kewaye da sanda kusa da kai, ya kai buɗin baki ɗaya da rabi. Wannan ƙa'idar masu ɗauri ce, don haka ka duba ƙudan da ke gabanka ko ya bi ta. Abin da ka gani shi za ka zana, ƙa'idar tana taimaka maka ne ka gane inda hannunka ya zarce.

Da fenti ana farawa daga mai haske zuwa mai duhu, daga jela zuwa kai. Shafin farko ruwa-ruwa ne, launin kowane sashe a shimfiɗe, ba tare da gashi ko ɗaya ba. Dagulewar da kake gani tana zuwa ta hanya uku: haɗa launi fiye da uku wuri ɗaya, ɗora shafi a kan wanda bai bushe ba, da yawan goga buroshi har na ƙasa ya taso. Ka taɓa takardar da bayan yatsa, in ka ji sanyi to da sauran ruwa. Ja da kore, ko shuɗi da ruwan goro, idan suka haɗu a jiƙe laka suke zama. A fiffiken da aka jera sirara masu launi daban-daban, ka yi ɗaya ka tsallake na kusa da shi, sai ya bushe ka dawo. Ka ajiye kofin ruwa biyu, ɗaya na wanke buroshi, ɗaya na haɗi.

Gashi ba a zana shi ɗaya-ɗaya. Ka ɗan runtse ido ka kalli ƙudan, za ka ga gashin ya rabu gungu-gungu, wani da haske wani da duhu. Gungun za ka fara yi da buroshi lamba 2. Bayan ya bushe ka ɗauki tsohon buroshin nan, ka tsane shi a ƙyalle har ya kusa bushewa, ka ja shi daga inda aka ɗaure gashin zuwa bakinsa, kana ɗaga hannu a ƙarshe don layin ya sirance. Daga nan layi 10 zuwa 15 da buroshi lamba 0 sun isa, mafi yawansu a gefe da baki. Gashin wuyan ƙudan saman ruwa an naɗe shi ne kewaye da sanda, don haka yana fita ta kowace fuska. Wanda ya nufo ka gajere zai bayyana kuma a cunkushe, na sama da na ƙasa su ne dogaye masu tazara. In ka yi su duka tsawo ɗaya, zanen zai baje kamar mafici. Adams yana haɗa gashin zakara ruwan ƙasa da na wake-wake, kuma ratsin wake-waken ɗigo-ɗigo ake sa shi a kan layin bayan ya bushe.

Sai ƙyallin ƙarfe. Fentin azurfa ba ya ba da shi, toka-toka yake fitowa idan ya bushe, ya kuma ɓace a hoto. Abin da ke sa ido ya ga ƙarfe shi ne fari tas da duhu sosai a manne da juna, iyakarsu a yanke. A jikin ƙugiya ka bar siririn layin farar takarda a gefen da fitila take, ka sa mafi duhu dab da shi, sannan ɗan haske kaɗan a can ƙasa inda kwali ke mayar da haske. Zaren azurfar da ake naɗewa a jiki, wanda a tsoffin ƙudajen salmon bisa al'ada zagaye biyar ne, kowane zagaye ɗan lanƙwasasshen layi ne mai karkata, domin a kan abu mulmulalle yake tafiya. Karkatar ta zama iri ɗaya, ɗigon hasken kowane zagaye kuma ya faɗi a kan layi ɗaya da na sauran. Idan farin ya kuɓuce maka, ɗigon farin fenti mai kauri da bakin buroshi zai dawo da shi, amma a ƙarshen aiki, kuma kada ya wuce wuri biyar ko shida.

Gashin ɗawisu ya fi komai ba da wahala, kuma shi ne jikin ƙudan da ake kira Royal Coachman, wanda John Haily ya ɗaure a New York a 1878: ɗawisu gaba da baya, jan zare a tsakiya, farin fiffike. Koren ɗawisu ba rini ba ne, tsarin gashin ne ke karya haske, shi ya sa yake sauyawa daga kore zuwa ruwan tagulla da ka motsa kai. Ka tsayar da kanka wuri ɗaya. Ka fara da shafin rawaya mai ɗan kore, ka ɗiɗɗiga PG7 a kai, sannan ka cike tsakani da duhun PB29 da PBr7, kana barin ƙananan tagogi inda hasken ƙasa zai leƙo. Gefensa ya zama buzu-buzu. Farin fiffike kuwa a farar takarda da inuwa ake fito da shi: toka mai ɗan shuɗi, ruwa-ruwa, a ƙasan fiffiken da tsakanin ninkinsa. Kada ka kewaye shi da baƙin layi.

Idan hannunka ya faɗa, gwada Jock Scott, ƙudan salmon na Sikotland daga tsakiyar ƙarni na 19. Rabin jikinsa na baya rawaya ne, na gaba baƙi, da ƙullin gashin jimina a tsakani, gashin zabo a maƙogwaro, fiffiken kuma ya tara gashin talotalo da agwagwa da sirara masu ja da rawaya da shuɗi. Ɗigon zabo yana da sirri: da yake zaren gashin suna rarrabuwa, ɗigon ba ya fita da'ira cikakkiya, a tsattsage yake. Ka sa shi da farin fenti mai kauri sannan ka ratsa shi da siririn layi mai duhu.

Wani abin lura game da irin waɗannan tsoffin ƙudaje shi ne, tsuntsaye da dama da aka yi amfani da gashinsu yanzu suna ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, wadda ke taƙaita cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe. Kwaɗayin gashinsu ne ya kai ga sace fatun tsuntsaye 299 daga gidan adana tarihin halittu na garin Tring a Ingila a 2009. Mai zane ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki. Ƙudan da aka ɗaure da gashin madadi ya wadatar, launin asali kuma yana nan a tsoffin zane. Alfred Ronalds a 1836 ya buga zanen ƙwarin ruwa kowanne kusa da ƙudan da ke kwaikwayonsa, an shafa musu launi da hannu, kuma zanen ƙudajen da Dakta Edgar Burke ya yi wa littafin Ray Bergman na 1938 har yau masu ɗauri suna duba su. Ka lura da yadda suke fito da ƙuda da layuka kaɗan.

Hoton waya yana taimakawa wajen duba ƙananan wurare, amma idan ka matso da ita sosai tana kumbura abin da ke kusa, tana kuma sauya launi. Awo daga ƙudan za ka ɗauka. Hoton da wani ya ɗauka kuwa sai da izininsa idan sayar da zanen za ka yi.

Kai shi ne na ƙarshe: baƙi mai sheƙi saboda man da ake shafa masa, da ɗigon haske ɗaya a gefen fitila. Idan kana son ƙudan ya zauna a kan wani abu, ka sa inuwa mai laushi a ƙasa ta dama, mai duhu inda ƙarfe ya taɓa, tana dusashewa tana nisa. Idan zanen nuna tsari ne, bar shi ba inuwa. Bayan awa 24 ka goge sauran fensir da magogi mai laushi, ka rubuta sunan ƙudan da lambar ƙugiya da yawan ninkin da ka yi a ƙasa da fensir HB. Wajen sa shi a firam, a sa kwali marar asid tsakanin takarda da gilashi don kada su manne, a kuma rataye shi inda rana ba ta dukansa kai tsaye.