Filin Tambaya da Amsa: Yi wa Hoto Gefe Kafin a Ɗora Shi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, ɗinkin mata nake yi, kuma mafi yawan masu kawo mini aiki a WhatsApp da Instagram suke fara ganin ɗinkina. Damuwata ita ce, duk lokacin da na ɗauki hoton doguwar riga daga wuya har ƙasa, da zarar na ɗora a Instagram sai in tarar an datse wuyan ko kuma gindin rigar, alhali a wuraren nan biyu aikin yake. Ƙanwata ta ce in riƙa yi wa hoton farin gefe. Shin hakan zai magance matsalar, kuma yaya ake yi?
Daga wata mai ɗinki, Garwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Ƙanwarki ta faɗi gaskiya, amma kafin a kai ga gefe yana da kyau ki san dalilin datsewar, domin mai yiwuwa rabin maganin yana cikin saitin kyamararki.

Kowane dandali yana da ma'aunin faɗi da tsawo da yake karɓa. Instagram, tun da aka buɗe shi a 2010, hoto mai kusurwa huɗu daidai wa daida kawai yake karɓa, sai a 2015 ya yarda da hoton tsaye mai ma'aunin 4:5, wato faɗi huɗu tsawo biyar, wanda a lissafin fiksel, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto, ya kama 1080 a faɗi da 1350 a tsawo. A 2025 ya ƙara da karɓar 3:4, wanda shi ne ainihin ma'aunin da kyamarar yawancin wayoyi take ɗauka. Abin da ke faruwa ga mutane da yawa shi ne suna saita kyamara ta cika fuskar waya baki ɗaya, don hoton ya fi kyan gani a lokacin ɗauka, sai ya fito siriri mai tsawo, 9:16 ko ma fiye. Hoto mai 9:16 idan faɗinsa 1080 ne, tsawonsa 1920 ne. Idan aka tilasta shi ya shiga 4:5, dole a zubar da fiksel 570 na tsawonsa, kusan kashi 30 cikin 100 ke nan, kuma daga sama da ƙasa ake cire su. Can ne wuyan rigarki da gindinta suke tafiya.

Saboda haka abu na farko, ki buɗe kyamara ki mayar da ma'aunin zuwa 4:3, wanda shi ne 3:4 ɗin idan an riƙe wayar a tsaye. Wayoyin Tecno, Itel da Infinix da suka fi yawa a hannun mutanenmu duk suna da wannan zaɓi a saman fuskar kyamara ko cikin saitinta. Ba za ki yi asarar komai ba, hasali ma cika fuskar wayar ne asara, domin kyamarar yanke gefen hoton take yi kafin ta adana shi. Na biyu, ki ja da baya taku ɗaya ko biyu, ki bar ɗan fili a saman rigar da ƙasanta.

Su kuwa hotunan da kika riga kika ɗauka, waɗanda masu rigunan sun karɓi kayansu sun tafi, a nan gefe yake da amfani. Dabarar ita ce a shimfiɗa fili mai ma'aunin da dandalin yake so, a ɗora hoton a tsakiyarsa cikakke, sauran filin ya zama gefe. Dogon hoton nan mai 9:16, idan aka sa shi cikin filin 1080 da 1350, faɗinsa zai dawo kimanin 760, a samu gefe na kusan fiksel 160 a dama da hagu. Instagram zai ga hoto mai ma'aunin da ya sani, ba zai taɓa shi ba. Sai dai ki lura cewa gefe kamar kalmasa yake, daga jikin yadin ake cin sa. Duk abin da gefen ya ɗauka, rigar ce ta ƙanƙance da shi a fuskar wayar mai kallo, kuma aikin zare da duwatsun da kika wahala a kansu za su rage fitowa. Shi ya sa nake ba masu sana'a shawarar su ɗora hoto biyu tare, ɗaya mai gefe da ke nuna rigar gaba ɗaya, ɗaya kuma na kusa, marar gefe, da ke nuna wuya ko hannu.

Game da manhaja, na fi karkata ga Snapseed, wadda take hannun Google tun 2012, domin kyauta ce, ba ta da talla, ba ta buga tambarinta a kan hoto, kuma bayan an sauke ta ba ta buƙatar data. A cikin kayan aikinta akwai na faɗaɗa hoto, wanda ke ba mutum zaɓin cike sabon filin da fari ko da baƙi, sai ki ja gefen dama da na hagu da yatsa gwargwadon yadda kike so. Akwai zaɓi na uku da ke ƙoƙarin ƙirƙiro ci gaban bangon da kansa, amma ki guje shi idan atamfa ko leshi ya kusanci bakin hoton, domin yakan maimaita zanen ya fito a karkace. InShot da Canva sun fi sauƙi wajen zaɓar ma'auni kai tsaye, mutum ya danna 4:5 ko 9:16 hoton ya zauna da kansa, sai dai Canva tana son intanet, kuma kowa ya san yadda datar MTN ko Orange take ƙarewa a tsakiyar aiki.

Launin gefe ma ba abin wasa ba ne ga mai sayar da tufa. Ido yana auna launi ne da abin da ke kusa da shi, don haka farin gefe yakan sa hoto ya yi kamar ya ɗan yi duhu, baƙin gefe kuma yakan sa launuka su ƙara haske. Farar shadda a jikin farin bango, a kuma yi mata farin gefe, ba za a gane inda ta fara da inda ta ƙare ba, ita ruwan toka mai haske ya fi dacewa da ita. Atamfa mai launuka da yawa kuwa fari zalla take so. Abin da ba na goyon baya sam shi ne firam mai furanni da taurari da ƙyalƙyali, wanda manhajoji da yawa suke turo wa mutum a gaba. Mai saye atamfar ya zo gani, kuma duk adon da aka ƙara a gefe kishiya aka yi mata. Ki zaɓi launi ɗaya da kauri ɗaya ki tsaya a kansu, musamman tun da a farkon 2025 Instagram ya sauya yadda yake jera hotuna a shafin mutum daga murabba'i zuwa mai tsawo, abin da ya sa tsofaffin hotuna masu gefe iri-iri suka koma ba tsari.

A sitatus na WhatsApp ba ki da wannan damuwa, domin ba ya datse hoto, cike sama da ƙasa yake yi da kansa. Hoton 3:4 yana barin fili na fiksel 240 a sama da 240 a ƙasa, kuma idan ke kika yi gefen da kanki, wannan fili ya ishe ki rubuta farashi a sefa da sunan shagonki ba tare da rubutun ya hau kan rigar ba. Kada dai rubutun ya matsa can ƙarshen sama ko ƙasa, inda sunan mai sitatus da wurin mayar da amsa suke rufewa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa. Ina so in sa hoton da muka ɗauka mu biyar ranar ɗaurin auren yayana a matsayin hoton shaidata na WhatsApp, amma kullum mutum biyu na gefe sai su fita.
Daga wani ɗalibi, Marwa.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a auren. Naka yankan sau biyu ne. WhatsApp yana fara yanke hoton ya zama murabba'i, sannan ya nuna shi cikin da'ira, ita kuma da'ira tana cinye kusurwoyi huɗu, kimanin kashi 21 cikin 100 na murabba'in. Hoton taro a kwance ake ɗaukarsa, don haka ka fara da ƙara gefe a sama da ƙasa har ya zama murabba'i. Idan hoton 4:3 ne mai faɗin 1080, gefen 135 a sama da 135 a ƙasa ya wadatar. Bayan haka ka ƙara wani gefen a dukkan ɓangarori huɗu. A lissafi, kafin murabba'i ya shige cikin da'ira ba tare da an taɓa kusurwarsa ba, sai gefen kowane ɓangare ya kai kusan kashi 15 cikin 100 na faɗin filin, amma da yake kusurwoyin naka gefe ne kawai ba fuskar kowa ba, abin da bai kai haka ba ma zai yi.

Sai dai in gaya maka gaskiya, da'irar nan a jerin hira ba ta wuce girman farcen babban yatsa ba, kuma fuska biyar a cikinta ba wanda zai gane ango da abokin ango sai ya danna ya buɗe. In da ni ne, sitatus zan kai hoton, ko da yake awa 24 kawai yake yi. Kuma ka zaɓi farin gefe. Baƙin firam a kewayen hoton mutum ya daɗe yana zama alamar sanarwar rasuwa a jaridu da katunan ta'aziyya irin na Turawa, kuma a ƙasar da aka saba da takardun Faransanci ba za a rasa wanda gabansa zai faɗi ba.

Tambaya: Ina sayar da takalma da jakunkunan fata da ake yi a Marwa, ina aikawa Kusseri da Njamena. Na ga hotunana a shafin wani yana tallar kayansa da su. Idan na rubuta sunana da lambata a gefen hoton, zai hana?
Daga wani ɗan kasuwa, Marwa.

Amsa: Alhaji, ba zai hana ba. Gefe shi ne abu mafi sauƙin yankewa a jikin hoto, yaro ma zai cire shi cikin daƙiƙa kaɗan. Lambar waya da farashi su zauna a gefe don amfanin mai saye, amma sunan shago ka ɗora shi a cikin hoton kansa, da rubutu mai shara-shara, ya ɗan hau kan jakar ko takalmin ta yadda ba za a yanke shi ba sai an yanke kayan. Wanda ya fi wannan ma shi ne ka buga sunan a kati ko a guntun fata, ka jingina shi da kayan kafin ka ɗauki hoton.

Tambaya: Malam, na yi wa hoton mahaifiyata gefe, na tura wa 'yar'uwata a Ngaundere ta kai situdiyo a wanke, sai ya fito dishi-dishi, gefen kuma wani ɓangare ya fi wani kauri. Laifin manhajar ne ko na mai wankin?
Daga wata mai karatu, Gidar.

Amsa: Malama, mai yiwuwa laifin hanyar da hoton ya bi ne. Yawancin hotunan waya a tsarin JPEG suke, wanda ke rage nauyin hoto ta hanyar zubar da wasu ƙananan bayanai, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa sai an ƙara zubarwa. Idan hoton daga WhatsApp kika samo shi, an riga an matse shi sau ɗaya. Manhajar gefe ta sake matsewa, wasu na kyauta ma har rage girman hoton suke yi. Da kika tura Ngaundere, WhatsApp ya matse na uku. Mafi muni shi ne abin da wasu ke yi na buɗe hoto a kan farin fili su ɗauki hoton fuskar wayar don su samu gefe a sauƙaƙe, domin a nan hoton da kyamara ta ɗauka da fiksel miliyan 12 ko fiye yana dawowa bai kai miliyan 3 ba a yawancin wayoyi. A fuskar waya ba a cika lura ba, takarda ce take tona asiri.

Ki nemo hoton asali daga wayar da ta ɗauke shi, ki yi gefen sau ɗaya, ki duba saitin manhajar ki zaɓi inganci mafi girma wajen adanawa. Wajen turawa, ki danna alamar maƙala abu ki aika shi a matsayin fayil maimakon hoto, domin ta wannan hanya WhatsApp ba ya taɓa shi. Zaɓin HD da aka kawo a 2023 ya fi turawa ta yau da kullum, amma shi ma yana matsewa. Ki kuma guji siririn layi ja ko rubutu ja ƙanana a gefe, domin JPEG ya fi tauye bayanan launi a kan na haske, jan layi shi ke fara yin dishi-dishi.

Rashin daidaiton gefen kuma daga ma'aunin takarda ne. Takardar da aka fi wanke hoto a kanta, mai santimita 10 da 15, ma'auninta 2:3 ne, bai yi daidai da 3:4 na kyamara ko 4:5 na Instagram ba, sannan injin wanki yakan ci 'yan milimita a baki don kada fari ya rage. Siririn gefe ba ya jure wannan. Idan hoton na bango ne ko na albam, ki aika na asali marar gefe, ki ce wa mai situdiyo ya sa farin gefen da kansa a kwamfutarsa gwargwadon takardar da zai yi amfani da ita. Mai gefen da kika yi a waya ki bar shi don Facebook da sitatus. Hoton fasfo ko na katin shaida kuwa ba a yi masa gefe ko kaɗan, ma'auninsa da launin bangonsa hukumar da ke karɓa ce take gindaya su.