Tambaya da amsa: wane babban mashin ne ba zai kashe min hannu ba a doguwar tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina son sayen babban mashin saboda ina yawan yin Kano zuwa Abuja, an nuna min guda biyu na Kwatano, Kawasaki Ninja 1000SX da Suzuki V-Strom 650. Abokaina duk sun ce in ɗauki Ninja wai silinda huɗu ne ba ya jijjiga. Ni kuma damuwata hannuna na dama, in na yi awa ɗaya a kan mashin sai ya mutu. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya ne. In ka tayar da mai silinda huɗu yana tsaye za ka ji shi lumui kamar ba ya aiki, amma ai ba a tsaye za ka je Abuja ba. Shi irin wannan injin da fistin huɗu suke jere, biyu na hawa biyu na sauka, suna kashe babbar girgizar juna, sai dai akwai wata ƴar siririya da take saura wadda take zuwa sau biyu a kowane juyi na injin. Ka lissafa, in allurar juyin inji tana kan 5,000 a minti, injin yana juyawa kusan sau 83 a sakan ɗaya, ita kuma wannan karkarwar kusan sau 167, to ita ce kake ji zirrr a tafin hannu da matakin ƙafa har madubi ya dinga yi maka dishi-dishi. Kamfanin sun sa ƙarfen daidaito a ciki ya rage ta amma bai kawar da ita duka ba. Kuma wallahi irin wannan siririyar ta fi saurin sagar da hannu a kan dum-dum ɗin mai silinda biyu, na taɓa sauka a Kaduna daga kan wani mai silinda huɗu na tsaya wajen mai shayi, yatsuna suka ƙi riƙe kofin sai da na haɗa da hannu biyu, mai shayin har yana tambayata ko lafiya.

V-Strom kuwa silinda biyu ne da aka buɗe su digiri 90 kamar harafin L, wannan tsarin da kansa yake daidaita babbar girgizar, za ka ji bugunsa amma bugu ne mai kauri da jiki yake iya ɗauka. Ga zama a miƙe, nauyinka ba ya kan wuyan hannu, ga tayar gaba inci 19 maimakon 17 ta Ninja, kuma ka san ramukan hanyarmu. Inda Ninja ya fi shi, ban da ƙarfi, yana da abin riƙe gudu da kansa, kana iya sassauta totur hannun ya huta, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai matsala irin taka.

Ni dai da ni ne V-Strom zan ɗauka. Amma kar ka biya kuɗi sai ka hau kowanne aƙalla minti 30 a giyar ƙarshe, a daidai gudun da ka saba tafiya da shi, ba zagayen layi ba. In mai sayarwa ya ƙi, ka ce ya bi ka a wani mashin ɗin ka sa masa mai. Sannan don Allah ka lura da riƙonka, da yawanmu matse hannun mashin muke kamar za a ƙwace, ka riƙe tanki da cinyoyinka ka saki kafaɗa. In kuma mutuwar hannun tana kai ka har dare ko tana tashinka daga barci, ka ga likita, jijiyar wuyan hannu ba abin wasa ba ce.

Tambaya: Nawa Yamaha Tracer ne, da can lafiya lau, yanzu ya fara karkarwa in na wuce 100. Makanike ya ce a buɗe injin. In yarda?

Amsa: A'a, kar ka yarda tukuna. Ka samu hanya mai kyau babu motoci, ka kai gudun da yake yin karkarwar, ka matse kuloci ka saki totur. In ta ɗauke to daga ɓangaren injin take, nan ma a fara duba notikan da suka ɗaure shi da fulogi kafin a taɓa cikinsa. In kuma tana nan, laifin taya ne ko rim ya ɗan lanƙwashe a rami ko sarƙa ta ci ta yi wuri mai tauri. Ka duba ƙarshen hannun mashin ma, waɗannan ƙarafan masu nauyi ba ado ba ne, su suke shanye karkarwa, in an canza su da marasa nauyi ka mayar da na asali.